Itace a Gonar Aro

Ranar Talata ce, ƙarshen bazara. Tun hantsi zafi ya danne gari kamar an kife mana tukunya. Da azahar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, kowa ya fito yana kallon sama, sai iska ta zo ta kwashe shi ko ɗigo bai sauka ba. A ranar ce farar motar furoje, wato wani shirin tallafi na ƙasashen waje, ta shigo Tungar Malle, ƙauyenmu da ke ƙasar Dogon Kiriya, da wani allon ƙarfe ɗaure a bayanta.

Ina zaune a kan babur ɗina a bakin rijiya ina jiran fasinja. Sunana Faruku. A lokacin kabu-kabu nake yi tsakanin ƙauyukanmu da Dogon Dutsi tun da na bar lakwal, wato makarantar boko, kuma ba na iya daɗewa wuri guda ba tare da ƙafata ta fara ƙaiƙayi ba. Da na ga motar ta ɗauki mai gari ta nufi hanyar gonarmu, mutane na bin ta a ƙasa, ni ma na bi.

Na ce gonarmu, amma da gyara. Kakana makiyayi ne. Fari ya kashe masa shanu, ya iso Tungar Malle da sanda da iyali, Malam Sabo, wanda gidansu ne suka sari garin, ya ba shi aron wani fako a bayan gari. Jar ƙasa ce mai tauri kamar daɓe, ko tsidau ba ya fita. Aro a wurinmu yana da ƙa'ida, kowa ya san ta ba sai an faɗa ba. Mai aro yana noma ya ci. Ba ya gina rijiya, ba ya dasa itace, kuma duk kaka yana kai dami ɗaya ƙofar mai gona don kada a manta ta wane ne. Itace ya fi mutum daɗewa. Wanda ya kafa shi a gona, zama ya zo yi.

Babana, Munkaila, shi ya gaji aron. Shi ya fasa fakon nan da diga, ya tona ramuka masu kamar rabin wata don su tare ruwa, ya yi ta jidar taki a ka kafin ya samu sa da amalanke. Tun ina lakwal tsofaffin saiwoyi suka fara tohowa: gawo, kalgo, sabara, magarya. Baba bai bar ko ɗaya ba sai da ya je ya tambayi Malam Sabo. Tsohon ya yi dariya ya ce abin da Allah ya tsiro ba dashe ba ne, a bar su. Aka bar su. Baba ya yi ta yi musu aski, yana rage rassa, yana ɗaure masu rauni da tsumma. A lokacin in ka tsaya a kan tudu, duk bayan gari ja ne wur, sai gonar nan guda kamar an ajiye kurmi. Da damina, hatsin da ke gindin gawo yakan fi ni tsawo. 'Ya'yan gawon kuwa Inna Hure, mahaifiyata, ke tsincewa ta ciyar da awakinta duk rani.

Mutumin furojen sunansa Mushe Rashid, wato Malam Rashid a bakin masu Faransanci, saurayi ne mai fara'a. Ya tara mutane a inuwar babban gawon da ke tsakiyar gona, ya yi bayani da Hausa mai daɗi. Ya ce can ƙasashen masu arziki motoci da masana'antu suna ta tuttula hayaƙi, hayaƙin ne ya rikita damina.

"Ku ba ku yi hayaƙin ba, amma ku kuke shan wuyarsa," in ji shi. "Wannan ba adalci ba ne. To yanzu za su biya. Itace yana shan hayaƙi. Duk mai rainon itace za a riƙa ba shi wani abu kowace shekara, har shekara ashirin. Kuma da talaka za a fara."

Wata tsohuwa daga baya ta ce, "To mu da munka tsuhwa muna shan hayaƙin murhu, mi za a ba mu?"

Aka yi dariya, har da shi. Sannan ya kira Baba, ya kama hannunsa ya ɗaga sama.

"Ga abin koyi. Wanda ya raini itace, shi ke da shi. Waɗannan itatuwan Munkaila ne."

Yaransa suka sauke allon, suka kafa shi a bakin gona da siminti. An rubuta da Faransanci da Hausa: Gonar Gwaji ta Munkaila. Ni na karanta wa jama'a da ƙarfi, na kuma tafa. Sai da na ji tafina shi kaɗai ke tashi na daina.

Baba ya janye hannunsa a hankali. "Mushe, ba tawa ba ta. Aro na."

"Ka ji tawali'u!" in ji Mushe Rashid. "Baba, ɗan matso jikin allon."

Aka ɗauki hoto. Mai gari ya dubi allon, ya dubi Baba, ya kakkaɓe rigarsa ya koma mota. Da yamma Inna ta ajiye wa Baba tuwo, har ya huce bai taɓa ba.

Ranar Juma'a Abdulmajid ya zo. Ɗan Malam Sabo ne, yana da shagon wayoyi da faifan sola a Dogon Dutsi, kuma tun da tsufa ya kwantar da ubansa, maganar gidan ta dawo hannunsa. Baba ya goya shi a wuya yana yaro, amma yanzu Alhaji yake ce masa. Bayan an sauko daga masallaci aka kira mu fadar mai gari.

"Baba Munkaila, barka da arziki," in ji Abdulmajid yana murmushi. "Na ga hotonka cikin waya. Ashe gona kac ci gado ba mu sani ba? Da ka gaya muna, ai da mun zo barka da goro."

"Alhaji, wallahi ban ce a rubuta ba. Na hwaɗa mishi aro na, jama'a sun ji."

"Allon ya ji?"

Wasu suka yi dariya.

"Dami bai taɓa yankewa ba, Alhaji. Tun zamanin ubana."

"Dami guda," in ji Abdulmajid. "Kai kuma shekara ashirin kana amsar kuɗin itacen da ac cikin ƙasar kakana. Bon. Ba ni son dogon zance. Bana kada ka shuka. C'est fini, magana ta ƙare."

Na ce, "Wa ya fasa fakon? Lokacin da ko jaki ba ya tsayawa wurin, kana ina?"

Baba ya juyo ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Mai gari ya daɗe yana jan carbi. Ya ce aro da itace a ciki, ga kuma allo da suna, ya tashi daga aro ya zama riƙo, kuma ba a taɓa yin haka a Tungar Malle ba. Ya ce yana ba Baba wa'adi zuwa ruwan shuka ya nemi wani wuri. Kowa a fadar ya san babu wani wuri. Ko 'yan gari sun rarraba gonakinsu har sun koma kamar tabarmi.

Na ce wa Baba mu kai ƙara. Ya ce baƙo ba ya kai mai masaukinsa ƙara. Da ƙyar ya yarda in ɗauke shi a babur mu je Dogon Dutsi wurin wanda ya kafa allon.

Biron furojen, wato ofishinsu, sanyi kamar cikin randa. Mushe Rashid ya tarbe mu hannu biyu, ya sa aka kawo ruwa, ya saurare mu har ƙarshe, kuma na ga ransa ya ɓaci da gaske.

"Kash. Ban san haka abin yake ba. To amma da sauƙi. Ku kawo takardar shaidar gonar taku ce, mai gari ya sa hannu."

"Ba tamu ba ce," na ce. "Abin da muka zo faɗa ke nan."

"To mai gonar ya sa hannu ya yarda."

"Shi ne ya kore mu."

Ya shafa kai. Ya ce tsarinsu ba ya shiga rikicin ƙasa. Na ce ai allonsu ya riga ya shiga, har da siminti. Ya ce ya fahimta, zai rubuta wa na sama. Sannan ya ce in ma Abdulmajid ne ya yi rajista, aƙalla wahalar Baba ba ta tafi banza ba, tun da muhimmin abu itatuwan su tsaya.

"Itatuwan za su tsaya," na ce. "Mu fa?"

Ya buɗe durowa ya ciro huluna biyu masu hoton koren itace ya ba mu. Baba ya karɓi tasa da hannu biyu, ya yi godiya.

Daga nan Baba ya ce in kai shi gidan Abdulmajid, inda Malam Sabo ke jinya. Mun same shi kwance a tabarma a ƙofar ɗaki, ya rame har zobensa na yawo a yatsa. Baba ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, suka tambayi matattu da rayayyu. Da Baba ya zo kan maganar, tsohon ya rufe ido.

"Munkaila, ni hwako na ba ubanka. Da hwako ta har yau, wa za shi dube ta? Yaran ga ba ƙasa sunka gani ba, itace sunka gani." Ya yi tari. "Ni kuwa yanzu ko butata sai an miƙo min."

Muka kamo hanyar gida, Baba na bayana a kan babur. Mun wuce wani fako, sai ya taɓa kafaɗata ya ce in tsaya. Ya sauka ya tsaya yana kallonsa: jar ƙasa fetal, ba kara, ba allo, ba mai gardama. Ya daɗe. Sannan ya hau muka tafi.

Da safe ƙarar gatari ta tashe ni. Daga bayan gari take zuwa, ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Na sami Baba ya riga ya kayar da ƙananan gawo na gefen yamma, yana kan wata magarya.

"Baba! Me kake yi?"

"Abin da ya kamata in yi tun tuni." Bai daina sara ba. "Hwako anka ara muna. In na maida ta hwako, ba wanda za shi ce na riƙe, kuma ba abin da Alhaji za shi so cikinta. Sai shi bar mu mu noma, kamar da."

"Gawo ne fa. 'Yan gandun daji za su kama ka."

"Gandun daji ba su ba ni gona ba."

"Ba don itacen ya tsaya yake fushi ba, Baba. Itacen yake so."

"Shi ya sa," in ji shi. "In babu nama, kura ba ta zuwa."

Inna ta iso da gudu, zanenta a hannu. Ta tsaya ta dubi abin da ke kwance, ta dubi mijinta.

"Malam, awakina mi za su ci?"

"In babu gona, ke mi za ki ci?"

Ta durƙusa ta fara tsintar 'ya'yan gawon da suka zube daga rassan, tana zubawa a bakin zane. Ni Inna ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Kai mai babur, ba ka ganin hannun ubanka?"

Na duba. Tafin hannunsa ya fashe, ƙotar gatarin ta yi ja. Na san abin da yake yi kuskure ne, na kuma san ba zai daina ba. Na karɓi gatarin.

Kwanaki muka yi muna sara. Gawo yana da taurin kai, sai ka ci rabinsa yana tsaye kamar bai ji ba, sannan ya yi ƙara ya tafi gaba ɗaya. Duk wanda za mu sara, Baba sai ya kwance tsumman da ya taɓa ɗaura masa, in yana nan, ya sa a aljihu. Mutanen gari suka yi ta zuwa kallo. Babu wanda ya ce mu bari. Mata suka zo da igiya suna jan rassa, suna cewa Allah ya amfana. Samari suka zauna a kan gungumen da muka kayar suna shan shayi.

"Baba Munkaila, sannu! Turawa na can suna tari!"

"Ka saki hayaƙin duka, bana ba ruwa, kai ka ja muna!"

"A bar shi, Bahillace na. In bai ga hili hetal ba, ba shi iya barci."

Mai gari ma ya wuce a kan jakinsa, ya ce sannunku da aiki, ya wuce. Kowa a garin yana da lambar Abdulmajid, amma babu wanda ya kira shi. Daga baya na gane jira suke mu gama, don itacen girki ya yi tsada.

Babban gawon tsakiya muka bari ƙarshe. Da ya faɗi, ƙasa ta girgiza, tsuntsaye suka tashi suna kewaya inda yake da. Rana ta sauko mana a ka kai tsaye, yadda ban taɓa jin ta a gonar nan ba. Baba ya tone allon da diga, har da simintin. Ya shiga rumbu ya ciro dami guda daga ɗan abin da ya rage mana. Ya ɗora allon da damin a amalanke, ya kai ƙofar tsohon gidan Malam Sabo, ya kife allon a ƙasa, ya ɗora damin a kai. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Washegari da hantsi Abdulmajid ya iso a motar 'yan gandun daji, da mutum biyu masu koren kaki. Ya sauka ya tsaya a bakin gona.

Baba ya je ya durƙusa a gabansa. "Alhaji, ga gonarku yadda anka ba mu. Ba itace, ba allo. Ba mu riƙe komi ba. A bar mu mu shuka."

"Ka san abin da ka ƙona min?" Abdulmajid ya daka masa tsawa. "Ka san abin da ka ƙona min, tsohon banza? Baƙin ciki! Don kada in ci, shi ya sa!"

"Wallahi ba haka na ba, Alhaji."

Abdulmajid ya juya wurin babban masu kakin. "Mon chef, ga shi nan. Ku yi aikinku."

Suka bi kututtukan ɗaya bayan ɗaya suna shafa musu jan fenti. Babban cikinsu ya tambayi wa ya ba da izinin sara. Na ce mutumin furoje ya faɗa gaban jama'a cewa wanda ya raini itace shi ke da shi.

"Naka ne ka raina," in ji shi. "Ba naka ba ne ka sare."

"Da suna tsaye an ce na wancan ne. Yanzu da suka faɗi sun zama namu?"

Marin da ya yi mini sai da na ga wuta. Suka loda manyan gungume a bayan motar a matsayin shaida, suka ɗaure hannun Baba da rawaninsa, suka zaunar da shi a kan gungumen. Baba ya ce shi kaɗai ya sara, yaron bai taɓa gatari ba. Duk garin na tsaye suna kallo, da itacenmu a murhunsu. Motar ta tashi, yana ta ƙoƙarin riƙe kansa kada ya faɗo.

Yana tsare a Dogon Dutsi ruwan shuka ya sauka. Ruwa ne mai kyau, irin wanda ke jiƙa ƙasa har gwiwar hannu. Da safe gari ya watse, kowa da sungumi a kafaɗa, yara na bin baya da ƙoƙon iri. Inna ta fito da nata ƙoƙon, ta zauna a ƙofar gida ta ɗora shi a cinya. Har rana ta take tana nan zaune. Ruwan kuwa da ya sauka a gonar bai tarar da abin da zai tsayar da shi ba. Motar da gungumen da aka ja sun rushe bakin ramukan, ya bi ta kai ya wuce da baƙar ƙasar da Baba ya tara, ya zubar a kwari.

Tara suka yanka mai nauyi, don gawo itace ne da hukuma ta hana taɓawa. Na sayar da san da amalanken, bai kai ba. Na sayar da babur ɗin. Wanda ya saya ya bar ni na hau shi har ƙofar ofishin 'yan gandun daji, sannan ya karɓi makulli. Suka saki Baba da sharaɗi guda: ya dasa sabbin itatuwa a madadin waɗanda ya sare, a wurin da ya sare su, ya kuma yi ta ba su ruwa har su kama. In sun mutu, ya koma.

A ƙafa muka yi rabin hanya. Ya tambaye ni ko an shuka gonar. Na ce Abdulmajid ya ce ko ƙwaya ɗaya muka jefa, jandarma zai kira su kama mu. Ya ce, "To."

Aka kawo dashen a baƙaƙen ledoji, ƙanana kamar tsinken tsire. Muka dasa. Damina ta yi gardama, ta ɗauke tun hatsi bai cika ido ba, sai aka koma ban ruwa. Ba sa, ba amalanke, daga rijiya zuwa bayan gari sai a ka. Ni ina bin gonakin mutane ƙwadago don mu samu na tuwo, Baba na jidar jarka. Awakin Inna, da suka saba hanyar gonar, suka je wata rana suka ci kan wasu dashe. Abdulmajid ya aiko cewa ko awaki ko gidan kaso. Ta sayar da su ranar kasuwa, ta dawo da igiyoyin a hannu.

Ana cikin haka farar motar ta dawo, da wasu motoci biyu a bayanta. Allon nan ne dai, na gane shi ta inda digar Baba ta lotsa ƙafarsa, an sake masa fenti. Yanzu an rubuta: Farfaɗo da Ƙasar da ta Lalace, Gonar Abdulmajid Sabo. Ashe a tsarin nasu ƙasar da ta mutu ta fi mai rai samun tallafi, don an fi ganin bambanci. Abdulmajid na da takarda, da hannun mai gari a kai. Ya sa tsohuwar riga ranar, da hula mai hoton koren itace.

Baƙin suka zagaya suna kallon kututtuka masu jan fenti. Wata mata a cikinsu ta yi tambaya da Faransanci, kuma ɗan abin da na tsinta a lakwal ya isa in ji. Ta ce wa ya yi wannan ɓarna? Mushe Rashid ya dubi ƙasa. Ya ce talauci ne da rashin wayewa, shi ya sa aikin faɗakarwa yake da muhimmanci. Ta girgiza kai cikin tausayi.

Daidai nan Baba ya iso da jarka a ka, ruwa na zuba masa a wuya. Ya sauke, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, har da Mushe Rashid, wanda ya amsa yana duba waya. Matar ta ga tsoho yana tsiyaya wa ɗan dashe ruwa da tafin hannu don kada saiwar ta tonu, abin ya burge ta, ta ɗaga abin hoto.

"Baba Munkaila, ɗan yi murmushi mana," in ji Abdulmajid. "Ai ka saba."

Baba ya yi.

Bayan tafiyarsu da 'yan kwanaki, da rana tsaka, wani yaro ya zo ya ce mini Baba ya faɗi a hanyar rijiya. Na same shi kwance a gefe guda, jarkar ta fashe, ƙasa ta shanye ruwan. Bakinsa ya karkace. A gidan likita suka ce ɓarin jiki ne ya shanye, a kai shi gida a yi ta addu'a.

Sharaɗin bai faɗi tare da shi ba. Dashen na nan, kuma in sun mutu sunansa ne a wurin 'yan gandun daji. Yanzu ni ke jidar ruwan, safe da yamma. Ni da ba na iya daɗewa wuri guda, na san kowane dutse tsakanin rijiya da bayan gari. Abokaina sun tafi Kamba, wasu Agadas, suna kirana a waya. Gawo kuwa ba ya sauri.

Da kaka ta yi, muna jin amalanken mutane na wucewa da hatsi ta bayan darni. Baba na kwance a tabarma, ya yi ta motsa baki har Inna ta sunkuya ta kai kunne.

"An kai damin?"

Ta dube ni. Rumbunmu ko ɓera ya daina shiga.

"An kai, Malam," in ji ta.

Ya rufe ido, hankalinsa ya kwanta.

Abin da muka rasa: gona ɗaya. Itace ɗari da goma sha huɗu, saba'in daga ciki gawo. Sa ɗaya da amalankensa. Awaki bakwai. Babur ɗaya. Damina ɗaya. Hannun Baba na dama, da ƙafarsa ta dama.